Tabarau Uku, Yara Arba'in

Tabarau uku aka aiko wa makarantarmu,
irin wanda in ka sa, duniya takan sauya maka gari.
Yarana kuwa arba'in ne.
Ɗaya ma maɗaurinsa ya tsinke tun a kwali,
na ɗaure shi da igiyar ɓawon kwakwa.

Laraba ce. Damina ta sauka a Kochi
kamar mai bin bashi,
kwanon rufi yana ta ba ta haƙuri.
Na ce, yau ba littafi.
Yau Ur za mu.

Jomon ya fara, don shi ba ya zama.
Ya sa, ya yi tsit,
yaron da limamin cocinsu ma ya gaza rufe masa baki.
Ya ɗaga ƙafa yana hawan matakalar da babu.
"Malama, tubali ne! Irin na bayan gidanmu,
sai dai sun jera shi har ya kusa shafar wata."
Na ce, dama watan suke nema.

Nandana ta tafi Habasha,
ta leƙa cocin da aka sassaƙa ƙasa cikin dutse,
ta kama benci kada ta faɗa.
"Waɗancan sun hau, waɗannan sun tona.
Wa ya fi kusa?"
Na duba manhaja. Babu wannan a ciki.

Sai Ansiya,
mai zaman baya, mai farin lulluɓi,
wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba.
Na buɗe mata Karnak.
Ta tsaya a bakin ƙofar da mu ba ma gani,
ta sunkuya, ta laluba,
ta tuɓe takalmanta, ta jera su gefe.
Aji ya fashe da dariya.
Vishakh ya ce, "Ke, hoto ne fa!
Masu wurin ma sun daɗe da zama ƙasa."
Ta ce, "Ban durƙusa wa komai ba.
Amma ɗakin wasu ne."

Ba wanda ya ƙara tari.

Bayan tashi, tsoho Kunjappan ya shigo da tsintsiya.
Shekara talatin ya yi yana dakon masoro a bakin teku
kafin gwiwa ta ce ta gaji.
Na ce, Baba, gwada.
Ya juya dama, ya juya hagu,
ya ɗaga kai har wuyansa ya yi ƙara.
Ya daɗe.
Sannan ya ce, "Ina 'yan dakon?
Dutse kamar wannan, ba gumi, ba ƙuda,
ba wanda ya zauna yana duba ƙafarsa?"
Ya miƙo mini, ya koma shara.

An ce gani ya kori ji.
Ni dai na ga gani ya tsaya a ƙofa
yana jiran wanda zai tambaye shi.

Na fito, ruwa bai ɗauke ba.
Ladan ya kira magariba,
ƙararrawar haikali ta biyo ta bayan kasuwar kifi,
kowa da lokacinsa, ba mai jiran wani.
A kowace ƙofa da na wuce
takalma ne jere, sun jiƙe sharkaf,
suna jiran masu su.