Ɓera Mai Lamba Arba'in

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
tun Litinin yake dukan kwanon ɗakin bincike.
Ni ce mai sauya musu dusar katako,
ni ce mai cika kwalaben sha.

Ɓeraye biyu, uwa ɗaya, dare ɗaya.
Watansu ashirin da biyu,
a lissafinsu furfura ke nan.

Arba'in, kejinsa fes:
abinci, ruwa, bango huɗu.
Yana kwance kamar safar da aka manta a lungu.

Ɗan'uwansa gari guda aka ba shi:
tsani, bututu, lilon igiya,
da abokan faɗa biyar.
Duk Alhamis Dakta Millaray kan ce in birkita masa duniya,
in mai da tsani gabas, in ɓoye gyaɗa ƙarƙashin kwali.
Sai ya fito yana karkaɗa gashin baki,
yana jin haushina, yana nema.

Ranar gwaji aka sa su a bahon ruwa mai launin madara,
da ɗan tudun tsira a ɓoye.
Arba'in ya bi gefe, ya bi gefe, ya sake bin gefe,
kamar jiya bai zo nan ba.
Na tsamo shi da tawul, zuciyarsa na bugun tafina.
Ɗan'uwan ya ɗaga kai, ya dubi alamar bango,
ya yanki ruwa kai tsaye.
Daƙiƙa tara.
Dakta ta rubuta, ba ta ce uffan ba.

Ni ma ban ce ba.
Na hau bas mai tsallaka kogi
zuwa gidan tsofaffi inda muka ajiye babana, Abelardo,
wanda hannunsa ya sassaƙa jiragen masunta talatin.
Ɗakinsa fes.
Abinci kan lokaci, magani kan lokaci,
talabijin na hira da kanta.
Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu.

Ɓera ba mutum ba ne, Dakta ta sha faɗa mini.
Na ji.
Amma ran Lahadi na zo da guntun katako a jaka,
da samfefa, da igiya mai warin gishiri.

Ya juya katakon, ya shinshina.
Wannan bai bushe ba, in ji shi, wa ya cuce ki?
Ya yi ƙulli, ya kwance, ya yi wani
wanda ban taɓa gani ba.
Sunana bai dawo ba ranar.
Mai shara ta yi mitar ƙura a zanen gado.

Da asuba, kafin kowa ya iso,
na tsaya gaban kejin Arba'in
da bututun kwali a aljihu.
Doka ta hana. Shi ne ma'auni,
da shi ake gane abin da ɗan'uwansa ya samu.
Na daɗe a tsaye.
Ruwa na ta dukan kwano.