Farashin Tafin Ƙafa

Ni ce Ximena Olguín, mai ƙirga matakala.
Shekara huɗu ina hawa tuddan Valparaíso,
ina rubuta wa mutane inda dutse ya tsage,
inda kare ke kwana a mataki na casa'in da biyu,
inda tsohuwa ke shanya zanen gado saitin teku.
Mutum dubu shida ke karanta ni.
Ko ɗaya cikinsu bai san ranar biyan hayata ba.

Ranar Litinin na ɗaura ɗamara,
na haɗa shayi, na zauna rubuta wa kamfanoni.
Wasiƙa goma sha bakwai, duk ga masu takalma.
Na ce ƙafata kasuwa ce, ku zo ku kafa rumfa.
Na sa farashi, na goge, na rage,
na ji kunyar kaina,
na mayar da shi yadda yake.
Mai nema, in ji mutane, yana tare da samu.

Goma sha ɗaya shiru, kamar an shuka dusa.
Uku sun gode, kasafin bana ya rufe.
Biyu za su aiko takalmi kyauta,
wai sunana zai ƙara fita.
Na kai wa mai gida Brunilda labari.
Ta dubi ƙafata, ta dubi littafin bashinta,
ta ce, "'Yar nan, haya ba ta sa takalmi."

Na sha bakwai ya kira daga Santiago,
Anselmo Riquelme, murya kamar an shafa mata mai.
Peso dubu ɗari huɗu, rubutu uku,
da sharaɗi ɗan ƙarami:
a ce takalmin ba ya santsi ko cikin ruwa.
Kwali ya iso, fari fat, yana ƙamshin sabuwar roba.

Ruwan Yuli ya sauko, na ɗaure igiya na fita.
A mataki na sha huɗu
sai ga sama a ƙarƙashin ƙafata.
Gwiwa ta fashe.
Karen nan ya sauko ya shinshina ni ya koma.

Daren nan sau biyar na rubuta jimlar.
Ba ya santsi.
Gwiwata tana zogi, tana ƙaryata ni.
Na tuna Custodio, ɗan shekara saba'in da ɗaya,
da ya ce da rubutuna yake zaɓen hanyar asibiti.
Da safe na aika:
zan ce ba shi da nauyi, zan ce yana da kyau,
zan ce a ajiye shi ranar da hadari ya haɗu.
Anselmo ya ce zai tuntuɓi na sama.
Har yau yana tuntuɓa.

Na kai takalmin gindin tudu,
shagon Eleuterio mai gyara,
ya liƙa masa roba mai haƙora.
Da ƙusa a baki ya tambayi sana'ata,
sannan ya ce, "To, nawa kike karɓa?"
Na faɗa.
Ya yi dariya har ƙusar ta faɗi ƙasa.
"Dubu ashirin a wata, da gyara in ya tashi.
Ki faɗi gaskiya, har da cewa ina makara."
Na ce a rubuta.
Ya yagi murfin kwalin Anselmo,
ya sa hannu a bayansa da fensirin awo.

Dubu ashirin ba ta rufe bakin Brunilda.
Ta dai sayi burodi, ta biya wuta,
ta sa na daina sunkuyar da kai in zan faɗi kuɗina.

Yau ma Litinin ce.
Jiragen ruwa na kuka a tasha, shayi ya huce.
Wasiƙa ta sha takwas na gabana,
ga masu rigar ruwa wannan karon.
Na zo layin farashi,
yatsana ya tsaya kan gogewa,
gwiwata ta motsa.
Na bar shi.