Ɗinkin Iska

Ni tela ne a Nima, Gariba sunana,
kekena na bakin kwata, daura da mai kokon safe.
Ran da Ayite ya shigo da laimarsa a yage,
yadi shara-shara kamar ɓawon albasa,
ban san abin da nake ɗinkawa ba.
Ya ce, "Fiffike ne."
Na ce, "Sidi tamanin."
Ya ce ba shi da su, amma yana da teku.

Haka na fara hawa turoturo zuwa Labadi bayan la'asar,
ɗamara a ƙugu, igiya huɗu, katako a ƙafa.
Wata biyar ina kurɓar gishiri
kafin ruwa ya yarda in tsaya a kansa.
Na ɗauka an gama.
Ayite ya nuna sama da haɓa.

"Kafa dunduniya," in ji shi, "yanki ruwan
yadda almakashinka ke cin shadda.
Kar ka yi garaje. Bari igiya ta ɗaure.
Sai ka aika laimar tsakar ka,
inda rana ke tsayawa da azahar,
ka ja sandar zuwa cibiya.
Sauran ba naka ba ne."

Na farko, ban tashi ba, jana aka yi
kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.
Na biyu, na tashi kamu guda, na faɗo da baya, tim!
Masunta na gyaran koma suka kwashe da dariya,
dariya kuwa ba ta neman tafinta.
Na tara, na goma sha wani abu, na daina ƙirge.
Haƙarƙarina ne ya riƙe lissafi.

Da dare Azara na murza min man zafi:
"Ga furfura a gemu, kana neman gadon shirwa.
In ka karye, wa zai gama kayan mutane?"
Ban amsa ba.
Gadon ma lilo yake yi da ni.

Laifin na hannu ne.
Shekara ashirin da shida bai saki zare ba,
yanzu a ce ya sassauta?
Ina ƙanƙame sandar kamar mai bin bashi,
ina kallon ƙafafuna, ina kallon inda na baro.
Sai wata safiya ina zura zare a kafar allura
abin ya faɗo min:
kai ne allura, jiki zare,
inda ta huda nan yake bi.

Ranar Talata ce, ranar da masunta ba sa fita,
kwalekwale duk sun kwanta a yashi.
Iska ta zo daga yamma, ba gardama.
Na kafa dunduniya. Na jira. Na ƙara jira.
Na aika.

Shiru.
Ban taɓa sanin ruwa na da surutu haka ba
sai da na bar shi.
Ga kan bishiyoyin kwakwa,
ga tiren mai abarba ya koma kamar kwabo,
ga rufin kwanon Teshi na ƙyalli.
Na ɗaga ido, can a gefen laima
ga ɗinkina, da jan zare, don shuɗin ya ƙare ran nan.
Layin bai ma miƙe sosai ba.
Shi ke riƙe da ni.

Nawa ne? Numfashi uku, ko huɗu.
Na dubi inda zan sauka, na lanƙwasa gwiwa,
na karkato laimar gaba,
katako ya shafi ruwa, fyat,
na tsaya.
Taki ashirin na yi kafin murna ta kayar da ni.

Ayite bai tafa ba.
Ya zana da'ira da yatsa a iska:
saura juyi, wanda ake ba teku baya.

Yau ina kan keke, wandon makarantar ɗan Hajiya Lamisi a gabana.
Ƙafata na taka feda, dunduniya na neman ruwa.
Labulen shago ya motsa,
na duba daga ina.