Kada Ka Gaya Mata Kwanan Wata

Ranar Laraba, gab da la'asar,
Hassu ta sauko daga kurkura a Ƙofar Ƙaura
rungume da akwatin ƙarfe cikin tsohon zane,
kamar mai kai jinjiri asibiti.

"Kwamfutar Baba ce, Malam Barmo hedimasta.
Shekara sha tara rabonta da wuta.
Yayana ya ce takardar gonarmu ta Batagarawa na ciki.
Ni dai ban sani ba."

Noti huɗu suka kwance, na biyar ya ƙi,
sai da na ba shi kananzir ya sha.
Ashe zanzaro ya riga ni shiga:
ɗaki uku na laka a jikin fanka,
ya haifa, ya yaye, ya tashi bai biya haya ba.

Kafasita biyu sun kumbura
kamar kuncin mai ciwon haƙori,
ɗaya ta zubar da ruwa ya cinye layin tagulla.
Na ɗora ƙarfen dalma, hayaƙi ya cika min ido.
Na'iya yaron shago yana ƙyaƙyata:
"Oga, wannan ai ta girmi babana,
a miƙa wa 'yan gwangwan a huta."
Na ce riƙe tocila, ka adana bakinka.

Kayanta ko a Kano sun ƙare.
Na jawo wata daga ƙarƙashin benci,
wadda tsawa ta kashe daminar bara waccan,
na ciri abin da za ta iya bayarwa.
Matacciya ma tana rance.

Muka kunna. Kuka uku, gajeru,
allo kuwa baƙi ƙirin.
Wanda ya daɗe da su ya san wannan yare:
ƙwaƙwalwa ce ba ta zauna daidai ba.
Na zare ta, na goge mata haƙora da kilinar fensir,
na mai da ta, na danna har ta ce ƙas.
Sai aka ɗauke wuta.

Na'iya ya fita kokawa da janareta.
Hassu tana shafa madannai cikin duhu.
Harafin A ya goge sarai, har ya yi kwari,
don Hausa ba ta taku biyu ba tare da shi ba.

A ja na bakwai inji ya kama.
Fanka ta yi tari, faifai ya yi gurnani kamar dutsen niƙa.
Ta tambayi kwanan wata. Na tsallake.

Babu takardar gona. Mun duba ko'ina.
Akwai jarrabawar aji shida, lissafi da labarin ƙasa,
da k' a gurbin ƙ, da d' a gurbin ɗ,
injin bai iya lanƙwasa harafi ba,
Malam ya rataya wa kowanne alama a kafaɗa.

Can ƙasa, wasan maciji mai haɗiyar ƙwai,
da jerin gwanaye goma.
Na ɗaya: HASSU.
Tara na ƙasa duka BARMO,
kowanne ya matso kusa, bai kai ba.

Ta dafe baki.
"Sau ɗaya na taɓa ta. Yana masallaci.
Ina shekara tara.
Shi da ya ce ba abin wasa ba ce!
Ashe ya gani. Bai taɓa ce min komai ba."
Ta yi dariya har gyale ya zame,
daga nan ban san sunan abin da take yi ba.
Na juya ina neman noti na biyar, alhali yana hannuna.

Na ce saura batirin agogo, ɗan mai kamar kwabo.
Ya mutu, shi ya sa take zaton
har yanzu ɗaya ga Janairu ne, shekarun baya can.
Ɗari biyar ne, in sa sabo, in saita mata yau.

Ta shimfiɗa zanen, ta fara naɗewa.
"Bar shi, Malam Labo.
Kada ka gaya mata kwanan wata."