Cigiya

Yau kwana goma sha tara, Tasi'u,
tun daren Talatar da ka ce wa Iya,
"Sahu ɗaya ya rage, yanzu zan dawo,"
ka ɗauki mutum biyu daga Kurna zuwa Ɗorayi.
Wayarka ta yi ta ƙara har hantsin Laraba,
daga nan sai muryar matar nan
mai cewa a sake gwadawa an jima.
Na gwada. An jima ta ƙi ƙarewa.

Na kai hotonka gidan rediyo
kamar rediyo na nuna fuska.
Aka karanta: dogo ne, wankan tarwaɗa,
mai wushirya, cikin shuɗiyar riga.
Tsakanin tallan maganin basir
da gayyatar ɗaurin aure aka saka ka.

A teburin Ɗanjummai mai shayi
kowa ya zama ɗan sanda.
Wannan ya ce ɓarayin adaidaita ne, hoda suka shaƙa maka.
Wancan ya ce bashi ka ci, kana Agadas.
Wani ya rantse ya gan ka a Kwanar Dawaki,
wai har ka ɗaga masa hannu.
Suna kaɗa madara, suna kaɗa sunanka,
in na iso sai cokula su yi shiru.

Sun ɗora wa Alhaji Badamasi mai mashin,
don ya taɓa yi maka faɗa a kan balas.
Yara suka farfasa masa gilashin taga.
Ba wanda ya tambayi wa ya biya kuɗin
takardun da muka manna daga Rijiyar Lemo har Kabuga.
Shi ne. Bai ce a faɗa ba.

A Bompai jami'in ya buɗe fayil siriri,
ya ce ana kan bincike, a ƙara haƙuri.
Haƙurin ya fi fayil ɗin kauri.

Ranar Asabar aka ce an tsamo wani
daga kududdufin bayan makaranta.
Kafin in ɗaura takalmi
labarin ya riga ni zuwa masallaci,
har an fara yi mini gaisuwa.

Ɗakin gawa na asibitin Murtala akwai sanyi,
irin wanda ba ya fita da wanka.
Ruwa ya cinye fuskar.
Na ce a buɗe mini ƙafar hagu,
inda salansa ya ƙone ka kana ɗan shekara tara
ranar da ka saci hawa babur ɗin Kawu.
Fata sumul. Babu tabo.

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, Tasi'u.
Sai na ga wani tsoho a bakin ƙofa
riƙe da hoto a cikin leda,
yana jiran layinsa.
Ban iya kallonsa ba.
Har yau wannan godiyar tana tsaye a maƙogwarona.

Iya ta hana a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.
Ta ce ba ta karɓar gaisuwar wanda ba ta ga makararsa ba.
Kullum sai ta jona cazarka a bango
in an kawo wuta,
wayar babu, igiyar kawai tana lilo.

Ni kuwa na koyi kallon Kano ta baya.
Duk adaidaitar da ta wuce
sai na karanta abin da aka rubuta mata.
Taka an rubuta "Sannu Ba Ta Hana Zuwa",
ƙasa da shi ɗan lotsawar da ka yi a Ƙofar Ruwa.
Fenti ba ya da tsada, na sani.
Duk da haka ina dubawa.

Jiya a wurin shayi an koma zancen ƙwallo.
Na ɗauka zan ji sauƙi.
Na tsaya a gefe, kofina ya huce,
ina jiran ko da maƙaryaci ɗaya
ya sake cewa ya gan ka.