Littafin Kilomita na Urmas

Ƙarfe biyar da kwata a Tartu
Urmas yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa.
Rana ba za ta leƙo ba sai wajen tara,
in ma ta ga dama.
Ma'aunin da ke jikin taga ya ce sha huɗu ƙasa da sifili.
Helve ta juya cikin bargo, ta ce da bango:
"Ba mai bin mutumin nan bashi,
amma kullum yana gudu."

Direban bas ne, shekara hamsin da uku,
gwiwar hagu tana yi masa tsegumi a kan matakala.
Ya ɗaura fitila a goshi,
ya murɗa ƙananan kusoshi a tafin takalmi
don kada santsi ya yi masa ƙafar ungulu.

Kogin Emajogi ya daskare, ya yi shiru
kamar wanda aka yi wa rasuwa.
Ba tafi, ba tuta, ba mai miƙo ruwa.
Ƙaras, ƙaras, ƙaras,
dusar ƙanƙara ce kaɗai ke amsa masa,
numfashinsa na tafe a gabansa fari fat,
gashin bakinsa ya zama tsinken ƙanƙara.
Takwas yau.
Gobe shida, jibi hutu, gata goma.

Akwai wani ɗan littafi a kan firiji,
mai shuɗin bango, shayi ya taɓa zuba a gefensa.
Ba waƙa a ciki, ba hikima,
lambobi ne kawai a jere
kamar tururuwa ta samo hanyar rumbu.

Tiit, abokin aikinsa, yaro ne da jini a jika.
Kwana shida yana kan kujera,
ran Lahadi ya zabga talatin a tashi ɗaya,
ya zo yana nuna wa kowa agogonsa.
"Kai tsoho, wannan naka ai tattaki ne."
Urmas ya hura shayinsa, bai ce uffan ba.
Kafin Fabrairu ya raba
Tiit yana ɗingishi, agara ta ƙi,
agogon yana ƙirga masa taku daga gado zuwa banɗaki.

Shi ma Urmas bai sha ba.
Mura ta kwantar da shi kwana tara,
layi tara a littafin babu komai.
Da ya tashi, zuciya ta ce: rama!
Ya ce mata a'a.
Ya yi huɗu, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ƙafa adashi take yi.
Zubi kaɗan kaɗan, cikin duhu, ba mai gani,
kwasa sau ɗaya.
Wanda bai zuba a hunturu ba
kada ya miƙa hannu ranar rabo.

Watan Mayu, a Riga,
a kilomita na talatin da biyar,
inda hira ke ƙarewa,
inda samari ke dafa ƙarfen gefen titi suna kallon ƙasa,
cinyoyinsa suka ce sun gaji, ya ce ya ji.
Sai wata Talata ta Janairu ta taso,
wadda ya fita ba don yana so ba,
ta sa masa kafaɗa.
Wata Alhamis mai iska ta karɓe ta.
Haka suka yi ta miƙa shi hannu da hannu
har ƙarƙashin babban agogo:
awa huɗu da minti goma sha ɗaya.

Ba wanda ya san sunansa a wurin sai Helve.
Ta miƙa masa ayaba da rigar sanyi,
ta ce, "To, bashin ya biyu?"
Ya zauna a gefen kwalta yana kwance igiya,
ya ce, "Kin zo da biro?"