Ƙulli na Biyar

Ciwon baya ne ya kai ni asibiti.
Baƙin ciki kuwa na baro shi gida, a Bagalam,
rufe da faifai kamar sauran tuwo.

Shekara ashirin ina murza tunkuza,
na san yadda ake matsa abu har ya yi hawaye.
Ni ce kaɗai ban ɗiga ba
tun daminar da Gulbi ya ciko
ya tafi da amalanke, da jaki, da yaron da ke bisa.
Jakin ya fito a Tibiri.

Barira, wadda ta yi karatun jinya wajen Indiyawa,
ta shimfiɗa tabarmi huɗu bayan ɗakin awo,
cikin inuwar bedi.
Ta ce sunan abin yoga.
Na ce, yarinya, ni da alwalata nake.
Ta ce, Inna, ba wanda za ki yi wa sujada a nan,
numfashin da Allah ya ara miki
shi za ki koyi ɗauka da ajiyewa.

Wai su can suna ƙirga mahaɗa bakwai a jikin mutum,
daga tsatso har maɗiga,
kowace tana juyawa kamar mazari.
Cakra, in ji ta.
Ni dai ƙulli na ji,
irin wanda ake yi wa canji a haɓar zane
a manta, har wanki ya ƙara tamke shi.

Na tanƙwashe ƙafa, gwiwa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Tsahara mai hawan jini ta yi barci tun shaƙa ta uku,
munsharinta ya zame mana ƙidaya.
Na ƙasa bai wahalar da ni ba,
wanda ya girma a bakin murhu ya san zama.
Na mara ya ɗan yi gardama:
can ya kwana wata tara.
Na cibiya wuta ne, ni da wuta kuwa mun saba.
Ƙirji ya ci mini laraba shida.
Duk iskar da na jawo
sai ta tsaya a bakin ƙofa tana sallama,
ba mai amsawa.

Ranar da ya buɗe ban ji komai ba
sai warin man gyaɗa a hannuna,
da kukan jar akuya bayan katanga.

Sannan maƙogwaro.
Barira ta ce in rufe baki in yi gunji a hankali,
kamar ƙudan zuma cikin tulu.
Na yi. Ya maƙale.
Na sāke. Wani abu ya taso, mai ƙaya, mai gishiri,
abin da na haɗiye ranar da maza suka dawo daga bakin ruwa
ba su ɗauko kowa ba,
mata suna ta ce mini haƙuri, haƙuri,
har na ɗauka haƙuri shi ne shiru.

Nafi'u.

Ɗan fari ne, ko yana raye ban taɓa kiran sunansa ba.
Ya fito da ƙarfi har Tsahara ta farka
ta ce, wa ya zo?
Ba wanda ya ba ta amsa.
Barira ba ta ce in bari ba,
ta matso da buta kusa da ni, ta koma tabarmarta.
Na jiƙa mayafi, na jiƙa kaba,
na tsiyaye kamar tunkuza da aka zuba wa ruwan zafi.

Saura biyu, in ji ta, goshi da maɗiga.
Na ce goshi yana da inda yake zuwa sau biyar,
maɗiga kuma tana ɗauke da tiren ƙuli,
su jira.

Bayan nan nawa bai daina ciwo ba.
Amma jiya ban bi ta kasuwa ba,
na gangara Gulbi.
Rani ne, yashi ne zalla, yara suna ƙwallo a tsakiya.
Na tuɓe takalmi na taka.
Da zafi.
Na shaƙa, na riƙe,
na saki.